Albasar Arzika a Duwatsun Dahome

A Kandi, cikin ƙasar Dahome wadda ake ce ma Bene yanzu, nan babbar mota tas sauke kekuna taj juya gida. Anka bar mu da ƙaramar mota guda, bashe, mai rumhwar tampol a baya. Anasaru ne wajen goma, maza da mata, kowa da kekenai, sun ce za su taka shi har cikin duwatsu, suna kwana daji cikin tanti. Ba hwatauci ba, ba biɗar magani ba, ba gaisuwar dangi ba. Kallo kawai. Na tambayi mai gidana ko can garinsu babu dutsi, yac ce in yi shiru in kama aikina.

Mu uku ne baƙar hwata. Ni Tsahara, anka ɗauke ni dahuwa, don da ma tuwo da shinkahwa nike saidawa bakin hanya a Malbaza. Mai gidana, wanda duk gari ke kira Mai Keke, shi ne mai gyara. Sunanai na yanka ba shi hita bakina, ko yanzu da shike ƙasa. Na ukunmu Arzika, direban babban anasaran, shi anasaran wani dogo ne mai gemu da ke zaune Ƙonni. Arzika ɗai ke jin Hwaransanci cikinmu, shi ne bakinmu, shi ne kunnenmu. Kuma ɗan kawun mai gidana ne, taubashinai ke nan. Shi yas samo muna aikin, shekarun da hwari yac cinye bisashe, rumbu ba kome ciki sai ɓera. Har godiya munka yi mashi. Har hura na dama mashi da nono mai kyau. Duk sa'ad da na tuna wagga hura sai raina shi ɓaci.

Abin da anka shirya tun gida shi ne mota ta bi kekuna daga baya sannu sannu, ni da mai gida muna ciki, in keken wani ya lalace a tsaya shi sauka shi gyara. Arzika ya san mai gida na da huka. Tare sunka tashi, ya san in ɗari ya shigo ƙirjinai na kuka kamar ɗan mussa. Ya san keke gyara shi shike, ba shi nisa bisa kainai.

Da anka zo loda kaya sai nig ga abin da ke ƙarƙashin tampol. Buhunan albasa, ta Galmi, sabuwar tona, jere tun daga bayan direba har ta wuce tsakiyar mota. Tun gida yal loda ta yar ruhe da tabarmi, mu muna cikin babbar mota ba mu gani ba. Bisanta anka ɗora tantuna da jarkokin ruwa da kwalbar gas da tukwane da akwatin ƙarahunan mai gida. Gaba kuwa Arzika ne da Madam, matar mai gemu, wadda ba ta hawan keke don ƙugunta na ciwo. Abin da yar rage baya wani ɗan gurbi ne, ko akuya anka sa sai ta lanƙwashe. Wurin mutum guda.

Arzika yak kwance keken da anasaru sunka zo da shi na ko-ta-kwana, yag gungura shi gaban mai gida.

"Bawana, ga dokinka. Matar bawa ta hau mota, kai ka bi iyayen gidanka."

Mai gida yay yi dariya yac ce tun yaushe bawa ke rabon dawaki. Yad danna taya da babban yatsa, yah hau.

Kun san wasan taubasai. Shi zage ka, shi cire maka hula, shi kira ka bawa gaban surukanka, ba ka da damar hushi. Wanda yay yi hushi da taubashi shi ne abin dariyar gari. To da wanga abu Arzika yaɗ ɗaure mijina, ba da igiya ba.

Na ja Arzika gehe nit tambaye shi albasar wa ce. Yac ce tashi ce, ya ji labarin tana tsada Natitingu, inda tahiyar za ta ƙare. Nic ce anasaru sun san ka cika masu mota da hajjarka? Sai yay yi wannan dariya tashi ta hanci, yac ce ai ya gaya masu ta miya ce, ni nic ce ba ni dahuwa sai da ita. Shi ya sa duk tahiyar nan suke kirana Madam Onyo suna dariya, ni ma ina washe masu haƙora kamar sakarai. Sai daga baya nij ji wai albasa ke nan da bakinsu.

Daga Kandi zuwa Banikwara ƙasa shimhiɗe take, gonakin kaɗa hagu da dama. Anasaru na gaba cikin ƙananan wanduna da sunka matse su kamar an zuba su ciki, hwatarsu ta yi ja kamar naman da anka heɗe. Mai gida na can ƙarshe da rigatai ta shadda da ta sha wanki, ya ɗaure bakin wando da tsumma kar sarƙa ta kama. Ni ina cikin gurbina, guiwa a haɓa, warin albasa na hawa mani kai, ina leƙen shi ta bakin tampol. Ranakun nan ya jure. Abin da yac ci mani rai shi ne marece. In anka yada zango, anasaru su kahwa tantuna su miƙe ƙahwahu, wanga na rubutu, wancan na shahwa mai a cinya. Shi kuwa lokacin aikinai ke hwarawa. Su jingine mashi kekuna jikin icce, wannan taya ta sace, wannan birki ba shi kamawa, wannan sarƙa na tsalle. Shi da ya taka abin da sunka taka, shi zauna da kwanon ruwa shina biɗar huji a roba har rana ta hwaɗi. Arzika na kwance bisa tabarma shina shan shayin anasaru, shina ce mashi bawa shi yi sauri.

Ban taɓa nisa da gida haka ba. Yaran mun bar su Bazaga wurin innata, ƙaramar ko yaye ba ta daɗe da yi ba. Kasuwannin can doya ce tuli tuli, da wani tuwon masara mai tsami da suke ƙunshewa a ganye. Ka yi sallama a amsa maka da wani baki. Hura kuwa ko ta magani. Anasaru na son miyata, suna suɗe kwano da burodi, amma ba wanda ya taɓa tambayar ko mu mun ci. Ba mugunta ba ce, ba su ganin mu ne sai in abu ya lalace ko yunwa ta kama su.

A Keru na shiga kasuwa sayen nama, sai nij ji mahauci na zagin yaron wani da Hausa. Na tsaya kamar an kira sunana. Bagobiri ne, dattijo, ya ce ya hi shekara ashirin rabonai da gida. Yaƙ ƙara mani hanta bisa abin da nis saya, yat tambaye ni ko har yanzu ana cin kasuwar Badagishiri yadda ya san ta. Da marece yab biyo ni zango da 'yar kwalbar zuma. Yaz zauna kusa da mai gida shina kallon shi shina gyara, shina sauraren ƙirjin nan. Can yac ce mashi gaba dutsi ne, ba irin tudun Adar ba, kuma da asuba sanyi na saukowa kamar ruwa. Yac ce shi zauna gidanai har mu komo, ɗaki na nan, tuwo na nan.

Na ga mai gida ya so. Sai Arzika daga bisa tabarma:

"Madalla, baba. A bar maka shi. Sai ka biɗo mashi zane da kallabi, daka kuwa ya iya shi."

Mai gida yay yi dariya har tari yas sarƙe shi. Yac ce ma mahauci ya gode, amma ya ɗauki aikin mutane, kuma in ya tsaya nan wanga bawa ba shi barin shi shan ruwa Malbaza har abada. Mahaucin yad dube ni, nid dube shi. Yab bar zumar yat tahi.

Na yi ma mai gida magana ranar nan, ba sau guda ba. Nic ce kai ka shiga gurbin, ni in bi ƙasa. Yac ce shi shina cikin mota matatai na bin ƙasa, in bari shi mutu tukuna. Kuma gaskiya ko ya yarda ba ni cim ma keke da ƙahwa, hawan shi kuwa ban iya ba. Nic ce to ka gaya ma Arzika shi saida albasar nan, ko rabi. Yac ce, "Ɗan kawuna ne, Tsahara. Wasa shike. In ya ga na gaza da gaske shi da kainai za shi sauke ta." Haka shike, Allah shi jiƙan shi. Ya ɗauka kowa irin cikinai gare shi.

Daga Kwande duwatsu sunka hwara. Ba ni yi maku ƙarya, wurin na da kyau. Dutsi bisa dutsi, baƙi da ja, itatuwa sun hito ta tsagar shi. Akwai inda ruwa ke zubowa daga sama hwari hwat cikin rani, shi taru ƙasa kore shar, anasaru su tuɓe su hwaɗa ciki suna ihu. Gidajen mutanen wurin kamar an haɗa rumbuna an yi masu bene, shanu ƙasa mutane sama, tsohuwa zaune bakin ƙohwa da lohe a baki. Anasaru ba su bin hanya miƙe, duk inda anka ce akwai abin kallo sai sun karkata. Su sun ga ƙasa. Ni abin da nig gani shi ne mutum guda can baya, shina ƙanƙancewa, shina sauka shina tura keke, shina tsayawa da hannu a ƙirji.

Sanyin da mahauci yah hwaɗi ya zo. Da asuba raɓa na jiƙa bargo. Su suna cikin tanti, mu muna gindin mota bisa tabarma. Mai gida ya koma sallar asuba zaune, in ya yi ruku'u lumhwashi na ɗaukewa. Ina dama mashi zumar nan da ruwan zahi, ta ɗan sassauta, rana ta hito a ce a hau.

Sai nic ce bari in gwada Madam, mace ce 'yar'uwata. Da hantsi an tsaya shan ruwa, nij ja hannunta zuwa bayan mota. Nin nuna mata buhunan, niy yi alamar a sauke. Nin nuna mai gida, nid dahe ƙirjina ina haki. Nin nuna wurin buhunan niy yi alamar kwanciya. Ko kurma ya gane. Ta tsaya tana kallona da idanunta kamar na mussa, sai tak kira Arzika. Yaz zo shina share hannu, sunka yi ta magana, shina nuna ni shina nuna albasa, tana kaɗa kai. Can tat tahi taɗ ɗauko wuƙa, taz zaro albasa guda, tay yanka ta biyu, tak kai ma mai gida da murmushinta, tana nuna mashi shi shaƙa. Ashe ce mata yay yi wai ni nic ce albasa ce maganin ƙirji garinmu, don shi nit taho da ita da yawa.

Mai gida yak karɓa yay yi godiya, yash shaƙa don kar ta ji kunya. Arzika na bayanta shina ƙyahta mani ido. Lokacin ban san baƙi ko guda ba, bale bakin anasara. Ina tsaye da magana cike da ciki, ba ƙohwar hitar da ita. Ranar nig gane ba sakaci ba ne. Ya ji, ya gane, ya zaɓi albasa.

Sai ranar babban hawa. Hanyar ta nannaɗe jikin dutsi kamar igiyar guga, hagu bango, dama rami wanda in ka leƙa sai ka ga kawunan itatuwa ƙasa. Motar da anka ce ta bi baya, Arzika yac ce ba ta iya rarrahe da wanga kaya, in bai ba ta wuta ba za ta tahasa. Yat taka ta, munka wuce su ɗaya ɗaya. Da munka zo daidai mai gida ya riga ya sauka, shina turawa, bakinai buɗe. Na buga ƙarhen mota da tahin hannu ina kiran Arzika shi tsaya. Yal leƙo ta taga yac ce ma mai gida, "Bawa, in ka iso ka iske mun ci mun suɗe." Mai gida ya ɗaga hannu, ya so shi rama, murya ba ta hito ba.

Can bisa akwai hili, daga nan kana ganin ƙasa har inda ido yag gaza. Nan anka tsaya. Anasaru sunka yi ta isowa suna haki suna tahi ma junansu, suna ɗaukar hoto. Na hura wuta, na ɗora ruwa, idona na kan hanya. Na ƙarshensu, wata 'yar siririya da kullum ita ce baya, ta iso, ta sha ruwa, har ta huta. Mai gida kuwa ba labari. Nic ce ma Arzika shi juya mota. Shina cin kihin gwangwani da burodi. Yac ce in ya sauka wanga dutsi da kayan nan ba shi sake hawa, kuma bawa ba shi mutuwa da wuri, in bar shi shi sha iska.

Nib bar tukunya bisa wuta nig gangara da ƙahwa.

Na iske shi bayan kwana ta biyu ko ta uku. Keken ya jingine shi da kyau jikin dutsi, don kayan mutane ne. Shi kuwa shina ƙasa, rabi zaune rabi kwance, leɓunanai sun yi toka, jijiyoyin wuya sun tashi, iska na shiga da ƙyar tana hita da hito. Wata mata ta wurin, tsohuwa, ba riga jikinta sai ɗan zane, ta aje itacenta ta tallabe shi ta baya da guiwoyinta don kar shi kwanta. Tana murza wani ganye tana kai mashi hanci. Ba mu da baki guda da ita. Ta dube ni, tan nuna sama da haɓa, tay yi alamar tuƙi. Ita da ba ta san mu ba ta san abin da ya kamata.

Mai gida yar riƙe mani zane. Na duƙa, sai nij ji shina cewa kar in yi hwaɗa da Arzika gaban baƙi. Niz zare zanena.

Ban san yadda nih hau dutsin nan ba. Sai ga ni bisa hilin. Niɗ ɗauki wuƙar yankan nama, nih haye bayan mota, nit ture tantuna da jarkoki ƙasa. Buhun albasa ba abin wasa ba ne, maza biyu ke ɗaga shi, amma ranar na ja na hwarko har yah hwaɗo. Motar na tsaye dab da bakin ramin. Nit tsarge shi da wuƙa tun daga baki har gindi, nit tura da ƙahwa. Albasa tak kwasa ƙasa, ja wur, tana tsalle bisa duwatsu, tana hwashewa, wata na bin wata har ƙararta ta ɓace. Nik koma nij jawo na biyu.

Arzika ya taso da burodi a hannu. Ya zo shi kama ni, nij juyo da wuƙar, ban ɗaga ta ba, na dai bar ta inda shike ganinta.

"Ke, kin haukace? Dukiyata ce, duk abin da ni mallaka na nan ciki."

"Wasa nike, Arzika. Matar taubashinka ba ta wasa da kai? In kuwa taka ce, ga mai gemu nan, gaya mashi taka ce. Kai ka iya bakinsu."

Yad dubi mai gemu. Mai gemu na tsaye da akwatin hoto, shina tambayar shi mi ke hwaruwa. In ya ce tashi ce, ya hwaɗi da bakinai ya yi hwatauci da motar ubangidanai, ya yi mashi ƙarya tun Ƙonni, aiki ya ƙare. In ya yi shiru, albasar miya ce, mai miya ta ga dama ta zubar. Sai yaj ja baya, yay yi wani abu da baki mai kama da dariya, yac ce masu ban san mi ba. Wasu har hoto sunka ɗauka. Ni kuwa na bi buhunan nan ɗaya bayan ɗaya, ban bar ko guda ba, ko da wurin kwanciyar mutum ya samu tun na uku. Arzika na tsaye shina kallo. Kowane na tsarge sai na dube shi.

Da nig gama nik kama hannun Madam, wannan karon ban nuna mata kome ba, jan ta niy yi. Ta biyo ni da ƙugunta mai ciwo, mai gemu na bayanmu. Da sunka ga mai gida sai huskarsu tac canza. Mai gemu yay yi wata tsawa da ban san shina da ita ba, ba a jima ba sai ga mota ta gangaro, ashe tana iya sauka. Anka ɗauke shi anka jingine shi bisa tantuna. Tsohuwar nan na so in ba ta wani abu, ba ni da kome sai kallabina, nik kwance nim miƙa mata. Ta karɓa, ta ɗaura bisa itacenta ba bisa kai ba, taɗ ɗauka tay yi gaba.

Anka kai shi wani ɗan asibiti na 'yan mishan da ke ƙasan dutsi. Sun yi mashi allura, sun riƙe shi kwanaki. Anasaru sun ƙarasa yawonsu ba mai gyara, sunka biyo sunka ɗauke mu. Madam ta yi ta shahwa mani kahwaɗa tana magana, ban san ko haƙuri take ba ni ba, don mai hwassarar Arzika ne, ni kuwa na daina sauraren abin da ke hitowa bakinai. Aikinai bai taɓu ba. Bai gaya masu ba, ni ba ni da bakin gaya masu.

Mai gida ya ga gida, ya ga yaranai. Amma mutumin da yak komo ba shi ne yat tahi ba. Likitan can ya ce zuciya ta taɓu, ba huka ɗai ba. Pampon keke ma ba shi iya bugawa, sai shi zauna rumhwa shina nuna ma wani yadda za shi yi. Ya ga damina guda. Da ɗari yas sake shigowa yat tahi, da hantsi, kainai bisa cinyata. Kahin nan ya kira Arzika ya ce ya yahe mashi, har cewa yay yi shi yi haƙuri da albasar. Ina bayan ƙyaure ina ji. Na ciji hannuna don kar in shiga.

Arzika ya zo zaman makoki ya hi kowa kuka. Ya gaya ma mutane aljanun dutsi sunka taɓa ni can, shi ya sa niz zubar da kayan miya. Wasu sun yarda. Ni na koma bakin hanya da tukunyata na yi renon marayu. Shi kuwa ya bar anasara, ya sayi kamyo, babbar motar kaya, shina jigilar siminti, ya yi ciki, ya yi gida mai ƙohwar ƙarhe.

Shekaru sun tahi, har babbar ɗiyata ta yi ɗiya. Sai anka ce Arzika za shi Makka. Ya shiga bin dangi gida gida shina biɗar gahwara, yadda mai tahiya hajji ke yi. Kowa ya san amsar, ko yaro: na yahe, Allah shi yahe mu baki ɗaya, ka sa mu addu'a. Ba a taɓa jin wanda yac ce wani abu daban ba. Ya bar gidana ƙarshe, kuma bai zo shi ɗai ba, ya taho da limamin unguwa da dattawa biyu, don ya san ni. Anka shimhiɗa masu tabarma. Maƙwabta sun taru bakin darni.

Ya duƙar da kai yac ce, "Matar bawa, in na taɓa yi maki wani abu, da sani ko ba sani, ki yahe mani."

Nij juya wurin liman nic ce ina da tambaya, ni jahila ce. Nic ce, malam, wanda yat tahi hajji, an ce shina komowa kamar ranar da anka haihe shi. To har da hakkin mutum? Liman ya gyara zama, ya ga inda nin nuhwa, amma malami ne, ba shi iya murɗe ta. Yac ce a'a, abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinai shi ake wankewa, hakkin ɗan Adam kuwa shina nan sai mai shi ya yahe.

Nic ce to shi nike son ji.

Dattawan sunka hwara, haba Tsahara, ai mamacin da kainai ya yahe. Nic ce nashi yay yahe, da ma shi haka shike, ko rigatai ka roƙa shina ba ka. Nawa daban ne. Ni anka mayar bebiya ina kallon mijina na mutuwa bisa keke. Ni nir riƙe yara huɗu da tukunya guda. Sunka ce mai yahewa Allah na yahe mashi. Nic ce na sani, in na je can ni da Shi ne, ba su ba.

Arzika yaɗ ɗago kai. Ya tsuhwa, idanun sun yi ruwa. Yac ce da ƙaramar murya, ba da muryar wasa ba, wallahi bai ɗauka abin za shi kai haka ba.

"Ka ɗauka," nic ce. "Na buga maka ƙarhe ka leƙo. Tahi ka yi hajjinka, Allah shi kai ka lahiya shi maido ka lahiya. Ba ni son ka mutu can a ce ka dace. Ban yahe ba."

Sunka naɗe tabarmarsu da kansu.

Ya je ya komo, gari na ce mashi Alhaji. Ni in mun gamu Arzika nike ce mashi, shi amsa. Da yak komo ya aiko mani da tsaraba, dabino cikin leda da zamzam cikin 'yar kwalba. Ruwan na tsaya na huskanci gabas na sha, don ba nashi ba ne. Dabinon na maida mashi.